"Kada Ka Taɓa, A Jira Mai Gyara Daga Yamai": Cutar Da Ke Kashe Kwamfutocin Makarantunmu

A wata makaranta da na koyar a nan cikin garin Diffa akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Yara suna kiransa ɗakin kwamfuta, ko da yake da yawansu har suka gama makarantar ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Wata ƙungiya ce ta kawo kwamfutoci goma sha biyu, aka yi biki, aka yanke ƙyalle, aka ɗauki hotuna, manyan baƙi suka hau motocinsu suka koma inda suka fito. Ba a yi wata shida ba aka ce na'urorin sun mutu. Da na je neman makulli don in duba abin da ya same su, sai shugaban makaranta ya kama hannuna ya ce: "Mushe, rufa mini asiri, kada ka taɓa. Mun rubuta takarda, za a turo mai gyara daga Yamai." Daga Diffa zuwa Yamai tafiyar kilomita fiye da 1,300 ce. Aka yi damina biyu, mai gyara bai zo ba.

Sai da aka canja shugaba, wanda ya gaje shi ya ba ni makullin a lokacin hutu, bisa sharaɗin in na ɓata wani abu daga albashina za a cire. Na shiga da ɗalibai uku, da sukudireba, da buroshin fenti. Kwamfuta huɗu babu abin da ya same su, abin da ake jona su da wuta ne ya ƙone. Uku kuma ƙurar hunturu ce ta shiga tsakanin ƙwaƙwalwar da ake kira RAM da mazauninta, muka zare ta, muka share, muka mayar, suka tashi. Uku ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe musu kwanan wata ne ya ƙare, shi ya sa suke tsayawa da wani rubutu a baƙin allo suna jiran a danna F1, kuma ko sun tashi shafukan intanet ba sa yarda su buɗe saboda agogonsu ya koma shekarun baya. Batirin bai kai jikka guda ta sefa ba. Biyu ne kawai suka lalace da gaske, su ma muka ciri kayan jikinsu muka ajiye don gyaran sauran. Aikin yini biyu. Wannan shi ne abin da ya hana aji biyu na yaran talakawa taɓa kwamfuta har suka bar makaranta.

Tun daga ranar nake cewa, kuma yau zan maimaita da babbar murya: yawancin na'urorin da muke cewa sun mutu a makarantunmu da ofisoshinmu da ransu muke binne su. Ƙurar Diffa da zafinta da ɗaukewar wuta suna da nasu laifin, amma babban mai kisa shi ne wannan kalma ta "kada ka taɓa". Mun karɓi kwamfuta, mun karɓi intanet, amma mun bar ilimin da ya kamata ya zo tare da su, wato ilimin bin sawun matsala har a gano inda ta ɓoye. Abin takaicin shi ne muna da wannan ilimi a da, lokacin da layinmu ya fi na yau rauni nesa ba kusa ba.

A farkon shekarun 2000, ina ɗalibi a Damagaram, na fara taɓa kwamfuta a wani ɗan shagon buga waya da ya ƙara da intanet. Kwamfuta biyu, layin tarho ɗaya. Yaran yanzu ba su san modem ba. Wani ɗan akwati ne da ke mayar da rubutun kwamfuta ya zama sauti, ya tura shi ta wayar tarho, wani modem a can ɗaya ɓangaren ya mayar da sautin ya koma rubutu. In za ka shiga intanet sai kwamfuta ta buga lamba kamar yadda mutum ke buga wa ɗan'uwansa, ka ji ana ƙara, sannan ka ji wani kuka da shiiii kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, na'urorin biyu suna gaisawa suna daidaita saurin da za su yi magana. Kowane minti kuɗi ne. Layin kuwa ya fi yankewa a daidai lokacin da wasiƙarka ta kusa tafiya.

Mai kula da shagon wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, muna ce masa Baba. Ban taɓa jin ya ce "babu intanet" ya yi shiru ba. Yana da wani littafi mai baƙin bango a cikin durowa, duk matsalar da ta faru sai ya rubuta rana, da abin da allo ya nuna, da abin da ya gwada, da abin da ya yi magani. In na ruɗe na fara danne-danne sai ya ce: "Yaro, tsaya. Fara daga bango." Ma'ana, ka soma daga inda waya ta fito a jikin bango, ka bi ta gaɓa gaɓa har zuwa allo, kada ka yi tsalle.

Har yau ina riƙe da karatun. Idan kwamfuta ta nuna lamba 680, modem bai ji ƙugin layi ba ke nan. Sai ka zare wayar ka jona tarho na hannu a bango ka saurara. In shiru ne, ka bar kwamfuta ta huta, ba ta da laifi: ko iska ta tsinke waya, ko gara ta ci, ko ba a biya kuɗin wata ba. In kuwa ka ji ƙugi, to duba bayan modem, ramuka biyu ne, ɗaya na layi ɗaya na tarho, sau da yawa wani ne ya sa waya a ramin da ba nata ba. Lamba 676 tana nufin layin can a cike yake, maganinta haƙuri ko jiran dare. Lamba 678, ka buga amma ba a amsa ba, sai ka duba lambar da ka rubuta, ka duba ko layin naka irin tsohon nan ne mai ƙirga bugu, ba mai jin sauti ba. Lamba 691 kuwa albishir ce a fakaice, domin tana gaya maka waya lafiya, modem lafiya, an isa har ƙofa, suna ko kalmar sirri ce ba daidai ba, ko kuɗin rajista ya ƙare. Wanda ya ga 691 ya tafi yana kwance wayoyi ya ɓata yininsa a banza.

Mai wuyar ita ce layin da ke kamawa ya yanke. Nan Baba yakan ɗaga tarho, ya danna lamba ɗaya don ƙugin ya yi shiru, ya kasa kunne. In ya ji ƙaraf-ƙaraf, ya san danshi ya shiga wani mahaɗi, musamman da damina, ko kuwa wani ya ɗaga ɗaya tarhon da ke cikin gida. In layin ya ƙi tsabta sai ya rage wa modem gudu, daga 56 ya sauko 33.6 ko ƙasa da haka, ya ce jakin da zai kai ka gida ya fi dokin da zai kayar da kai a hanya. In yana shakkar modem ɗin kansa sai ya yi masa magana kai tsaye, ya rubuta AT, in akwatin ya amsa da OK to yana da rai, ya rubuta ATZ ya mayar da shi kan saitinsa. Da hadari ya haɗo kuwa, kafin ya kwashe shanya sai ya zare wayar tarho, domin tsawa ta wayar take biyowa ta ƙone modem. Dokokinsa biyu ne: kada ka canja abu biyu a lokaci guda, kuma kada ka gyara abin da ba ka rubuta ba.

Daga baya da na yi karance-karance na gane cewa Baba bai ƙirƙiro wannan hali shi kaɗai ba, gado ne na mutanen da suka fara haɗa kwamfuta da wayar tarho. A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Chicago na Amurka, ta hana mutane fita. Wasu abokai biyu, Ward Christensen da Randy Suess, ƴan wata ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta, suka yi amfani da zaman gidan suka fara haɗa abin da suka kira CBBS, wato allon sanarwa na kwamfuta, kwatankwacin allon da ake manna takardu a ƙofar ofis. Ya fara aiki ranar 16 ga Fabrairun 1978. Kwamfuta ɗaya ce a gidan Suess, da layin tarho ɗaya, mutum ɗaya ke shiga a lokaci guda, ya karanta saƙonnin da aka bari, ya bar nasa, ya sauka wani ya hau. Gudun modem ɗin da suka fara da shi bai wuce harafi 30 a daƙiƙa ba, kana kallon rubutu yana fitowa kamar ana rubuta shi da hannu. Babu kamfanin da za su kira in abu ya tsaya. Su ne masu shi, su ne masu gyara, kuma a watan Nuwamba na shekarar suka bayyana yadda suka yi a mujallar Byte don kowa ya haɗa nasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka ɗauki matsala a matsayin abin da dole zai zo, suka yi mata shiri tun kafin ta iso. Suess ya san kwamfuta takan sandare, kuma ba zai kwana a gabanta ba, sai ya haɗa wata ƴar dabara da ke sake tayar da ita duk lokacin da tarho ya yi ƙara. Christensen ya san layin tarho yana da hayaniya mai ɓata saƙo, sai ya tsara hanyar aika fayil da aka sani da XMODEM tun 1977: a yanka fayil gunduwa gunduwa, kowace gunduwa harafi 128, a haɗa ta da wani ɗan lissafi na tantancewa. In lissafin mai karɓa ya yi daidai da na mai aikawa sai ya ce a ci gaba, in ya saɓa sai ya ce a sake turo wannan gunduwar kaɗai. A 1984 Tom Jennings ya kawo FidoNet, inda allunan garuruwa daban daban ke tara saƙonni da rana, su buga wa juna waya da tsakar dare lokacin da kira ya fi araha, su yi musaya cikin ƴan mintuna su ajiye.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne kawai. Da wannan dabara ta tara-ka-tura wasiƙar kwamfuta ta fara shigowa Afirka. A farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi da dama a nahiyar nan da fasahar Fido suke aika saƙo, ta hannun GreenNet da ke Landan. A ƙasashenmu masu amfani da Faransanci kuwa cibiyar bincike ta ORSTOM, wadda yanzu ake kira IRD, ta kafa hanyar da ake kira RIO, kuma Yamai na cikin garuruwan da ta haɗa, tun kafin Nijar ta samu adireshinta na .ne a 1996. Waɗanda suka riƙe waɗannan na'urori a Dakar da Bamako da Wagadugu da Yamai ƴan Afirka ne da suka koyi sauraron layi da kunnensu, irin su Baba. Ashe ba a jininmu rashin iya gyara yake ba. Koya mana shi aka yi daga baya.

In kana son shaida ta kusa, sauka bakin Komadugu lokacin ban ruwan tattasai. Manomin da bai taɓa zama a aji ba, injinsa na ban ruwa ya ƙi tashi, me yake yi? Ba ya rubuta takarda zuwa Yamai. Yana buɗe tanki ya ga ko akwai mai. Ya kwance filogi, wanda mu a nan muke kira buji, ya goge shi, ya jingina shi da jikin inji ya ja igiya ya ga ko yana ba da wuta. Ya duba matatar iska. Ya kwance kafireto ya busa. In inji ya tashi amma ruwa bai hau ba, ya san ba a inji matsalar take ba, sai ya ɗura wa famfo ruwa, ya bi tiyo yana neman inda yake shan iska, ya ɗaure da robar tayar keke. Wannan shi ne "fara daga bango" ba ragi ba ƙari. Ya iya ne domin in ya jira wani, tattasansa zai bushe, iyalinsa su kwana da yunwa. Haka yaran da ke gyaran salula a kasuwa, waɗanda da yawansu mu ne muka kore su daga makaranta muka ce ba su da ƙwaƙwalwa, suna buɗe wayar da ta fi kwamfutar makarantarmu tsada da sarƙaƙiya, su canja mata gilashi da wurin caji mai ita yana tsaye yana kallo.

To me ya sa malami mai takardar shaida, wanda ya yi shekaru yana karatu, yake tsoron murfin kwamfuta kamar an ce masa akwai maciji a ciki? Laifin yana da iyaye da yawa, kuma zan kira su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, makarantun horon malamai, inda ni ma na fito. Inda ake koyar da kwamfuta a cikinsu, abin da ake koyarwa shi ne buga rubutu, da ƙawata shi, da jera lambobi a tebur. Sau da yawa ma a allo ake zana linzamin kwamfuta da alli, ɗalibi ya kwafa a littafi, ya haddace, ya ci jarrabawa. Ban taɓa jin an ba ɗalibi malami kwamfutar da ta ƙi tashi an ce ya nemo dalili ba. Ana yaye mutum ya iya tuƙi a kan kwalta mai santsi, sannan a tura shi Gudumariya ko Ngigmi ko Bosso, inda ko canjin taya babu mai yi masa. Alhali kowa ya san ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, tsarin mulkin kayan gwamnati. Shugaban makarantar da ya hana ni makulli ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoro, kuma tsoronsa yana da dalili. A takarda an rubuta masa kwamfuta goma sha biyu. In mai bincike ya zo ya ƙirga goma sha biyu a kulle cikin ƙura, babu ko ɗaya mai aiki, zai sa hannu ya tafi, shugaba ya tsira. In kuwa ya tarar da goma suna aiki yara na kansu, biyu an buɗe an ciri kayansu, to ranar shugaba zai sha tambayoyi. Tsarin da ke saka wa mai kulle ɗaki da alheri, ya hukunta mai buɗe shi, kada ya yi mamaki in ɗakuna suka zauna a kulle. Mun mayar da kwamfuta kamar kwanukan jeren amarya, na kallo ne, ba na cin tuwo ba.

Na uku, masu kawo taimako. Ina gode musu, amma godiya ba ta hana faɗin gaskiya. A kasafinsu akwai kuɗin sayen na'ura, da kuɗin dakonta, da kuɗin biki, da kuɗin allon da za a rubuta sunansu a bakin hanya. Kuɗin sukudireba da batir da abin kare na'ura daga hawa da saukar wuta fa? Horon da suke bayarwa kwana uku ne a ɗakin taro mai sanyi, a raba kuɗin zama, kowa ya watse. Sannan su manna takarda a jikin na'ura cewa duk wanda ya buɗe ya karya garanti, garantin da mai cika shi yake wata ƙasa, kuma wa'adinsa kan cika kafin takardar kokenmu ta isa teburinsa. Da aikin ya ƙare, lambar wayar da suka bari ta daina shiga.

Na huɗu, mu malamai. Nan ne maganar ta fi ɗaci, domin da ni a ciki: damina biyu na yi ina wuce ƙofar nan ina gunaguni, ban koma na matsa ba. Mun sami wata kalma mai daɗi da muke fakewa a bayanta, wato "babu rezo". Ita ce amsar komai. Amma a cikin "babu rezo" akwai cututtuka biyar ko shida masu magani daban daban. Ko kuɗin data ne ya ƙare, ko an kashe data a cikin saitin waya, ko eriyar unguwa ce ba ta da wuta, ko akwatin wifi ne ke son a kashe a kunna, ko kuwa shafin da kake nema ne ya faɗi alhali sauran duniya lafiya lau. Gwajin bai fi minti biyu ba: buɗe wani shafin, gwada wata wayar, gwada layin wani kamfanin, tambayi maƙwabci. Baba da lambobinsa huɗu ya fi mu sanin inda ciwo yake, mu da muke yawo da intanet a aljihu. Kuma akwai girman kai a ciki. Malami yana jin kunyar ya kira yaron kasuwa ya nuna masa, wai kada ɗalibai su raina shi, ya manta matambayi ba ya ɓata.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini a ɗakin malamai. Za a ce, Mushe, yara suna karatu a rumfar zana, babu benci, babu littafi, wasu makarantun bakin kogi an rufe su ko an kwashe su saboda rashin tsaro, kai kana maganar kwamfuta? Gaskiya ne, kuma ni ma na koyar a rumfar zana. Amma ban ce a sayo ko kwamfuta ɗaya ba. Cewa na yi waɗanda aka riga aka saya, suke kwance a kulle, a tashe su. Talaka ne ya fi kowa buƙatar iya gyara, domin mai kuɗi in abu ya lalace sabo yake saye. Maganar tsaro kuwa hujjata ce, ba hujjar masu jira ba. Tun harin da aka kai Bosso da Diffa ranar 6 ga Fabrairun 2015 da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, wane ma'aikaci ne zai taso daga Yamai saboda batirin kwamfuta? Yankin da zuwa cikinsa ke da wuya shi ya fi cancanta a bar masa masu gyara a cikin gida.

Za a ce kuma, in aka bar kowa ya buɗe, za a ɓata fiye da abin da za a gyara. E, za a ɓata wasu. Ni ma na taɓa karya wani ɗan maƙalli a jikin na'ura ina koyo. Amma a auna: kwamfuta ɗaya da ta lalace a hannun mai koyo ta bar ilimi a kansa, goma sha biyu da suka ruɓe a kulle ba su bar komai ba sai gidan gizo-gizo. Kuma ban ce a yi hauka ba. Akwai abin da ba a buɗewa, kamar akwatin wutar da ke cikin kwamfuta da tsohon allo mai ƙaton baya, domin suna riƙe wuta ko bayan an zare su daga bango. Sanin inda za ka tsaya shi ma wani ɓangare ne na karatun.

Wasu kuma za su yi dariya su ce zamanin modem ya wuce, yanzu ga wayar fiba ana shimfiɗawa, ga Starlink ya fara aiki a Nijar tun watan Maris na 2025. Madalla. Amma farantin Starlink ma da wuta yake aiki, da waya, da akwatin wifi, da kuɗin wata. Ranar da ɓera ya ci wayar, ko batirin sola ya gaji, za mu koma gidan jiya: a kulle, a rubuta takarda, a jira. Na'ura tana canjawa, tambayoyin ba sa canjawa. Akwai wuta? Waya ta haɗu? Daga ina zuwa ina abin yake aiki, a ina ya tsaya? Me ya canja tun jiya? Ina ma masu tsara mana shafukan da ake tilasta mana cikawa za su koyi ko rabin hikimar Christensen. Na taɓa kwana ina shigar da sunayen ɗalibai a wani shafi, layi ya yanke ina kusa da gamawa, komai ya goge, na koma farko. Mutumin 1977 ya san ya sake turo gunduwar da ta ɓace kaɗai, mai tsara shafi na yau yana zaune a ofis mai fiba ya ɗauka duk ƙasar haka take.

Abin da nake nema ba shi da tsada. A makarantun horon malamai a sa darasin gano matsala, na hannu, a jarraba ɗalibi da na'urar da aka lalata da gangan, kada a yaye shi sai ya tashe ta. Kowace makaranta mai kwamfuta ta ajiye littafi irin na Baba, a rubuta kowace matsala da maganinta, domin in an yi wa malami canjin wurin aiki kada ilimin ya hau mota tare da shi. A rubuta ɗan jagora na shafi kaɗan da Hausa da Barbarci, tunda kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, to ga wurin da za ta yi aiki ba a jawabi kawai ba. Masu bincike su daina tambayar kwamfuta nawa ke cikin ɗaki, su tambayi nawa ke aiki da yara nawa suka zauna a gabansu a wannan mako. Hukumomin ilimi na jiha su ba shugabannin makarantu izini a rubuce na buɗewa da gyarawa da cirar kayan matacciya a sa wa mai rai. Duk ƙungiyar da za ta kawo na'ura a ce mata ta haɗo da kayan gyara, kuma ta horar da mutum biyu da ke zaune a garin. Ga Jami'ar Diffa da aka kafa tun 2014, ga masu gyaran salula a kasuwa, me zai hana a haɗa su da makarantun da ke kusa da su? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Ɗaya daga cikin yara ukun da suka shiga ɗakin nan tare da ni yarinya ce. Ita ta fara lura cewa kwamfutocin da suka ƙi tashi gaba ɗaya duk a layi ɗaya suke, ta ce: "Mushe, ko dai ba su ne ba, abin da suke shan wuta ne?" Ban koya mata ba, zama ta yi ta kalli abin da ke gabanta ta yi tunani. Irin wannan tunani shi muke cewa muna son makaranta ta haifar, kuma shi muke kullewa da kwaɗo biyu.

Ɗan'uwa malami, ƴar'uwa malama, in akwai irin wannan ɗaki a makarantarku, gobe da safe ku je wurin shugaba cikin ladabi ku nemi makulli. In ya ce a jira mai gyara daga Yamai, ku tambaye shi yaushe aka rubuta takardar. Sannan ku ɗauki littafi da biro da yara biyu ko uku, ku fara daga bango. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya zaunar mana da yankinmu lafiya.